An ce min "kwakwalwa takwas" na saya, amma aiki bai ninka ba: mene ne gaskiyar Hyper-Threading?

Sadi_Edita ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da ɗan shago a nan Kano inda nake haɗa bidiyon biki da walima da saukar karatu, wani lokacin har da tallar 'yan kasuwa. Kwamfutar aikina ta tebur ce, Dell OptiPlex 7010, na hannu na saye ta. Ta zo da furosesa i5-3470, na ƙara mata RAM ya kai giga 16, bara kuma na sa mata SSD. Ba ta taɓa ba ni kunya ba sai a wuri ɗaya, wato lokacin fitar da bidiyo bayan na gama yanka da jerawa. Bikin da ya kai awa ɗaya da 'yan mintuna yakan ci min minti 48 kafin ya fita. Idan kuma uwar amarya ta ce a cire wata ƙawarta da suka yi faɗa bayan biki, sai a sake wani minti 48 ɗin, ga mai janareta yana ƙonewa.

Makon jiya na je wurin wani mai kayan kwamfuta da muka saba. Ya ɗauko min i7-3770 ya ce, "Oga Sadi, taka kwakwalwa huɗu ce, wannan takwas ce. Rabin lokaci za ka riƙa yi." Ya karɓi tsohuwar na cika masa kuɗi, a gabana ya ɗora ta, ya buɗe Task Manager ya nuna min akwatuna takwas suna motsi a inda da nake ganin huɗu. Gani ya kori ji, na ɗauki kayata na taho ina murna.

Da dare na ɗauko wancan bikin dai, ban canza komai ba, na sa shi ya fita. Minti 36. To an samu sauƙi, ban musa ba, amma rabin 48 ai 24 ne. Abin da ya ƙara ɗaure min kai, da na duba ƙasan akwatunan sai na ga layi biyu, ɗaya an rubuta 4, ɗaya an rubuta 8. Sannan CorelDRAW da nake yin katin gayyata da shi ban ga ya canza ba ko kaɗan, babban fayil yadda yake jan ƙafa da haka yake ja yanzu.

Tambayata ita ce: huɗu na saya ko takwas? Cutata aka yi ne, ko akwai wani abu da ba a kunna ba? Wani yaro a layinmu ya ce sunan abin Hyper-Threading, wai ma gara in kashe shi don zafi kawai yake jawowa. Don Allah wanda ya sani ya warware min kafin in koma wa mutumin nan da rigima, don ba na son in je in yi abin kunya.

Auwalu_Waya ya rubuta:

Oga an yi maka sakiyar da ba ruwa kawai. Huɗu ce, sauran huɗun na bogi ne, zane ne a allo. Ka shiga BIOS, wato shafin saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka kashe shi, ka ga ma ta fi gudu. Ni haka nake yi wa duk wadda ta zo hannuna.

Malam_Habu_Gyara ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Sadi, kada ka koma da rigima, kada kuma ka kashe komai tukuna. Auwalu, ka yi haƙuri ƙanena, rabin maganarka gaskiya ce, ɗaya rabin kuma zai jawo wa bawan Allah asarar mai.

Huɗu ka saya. Cikin i5-3470 akwai ƙwaya huɗu, wato core, abin da mai kayanka ya kira kwakwalwa, cikin i7-3770 ma ƙwaya huɗu ne, 'yan gida ɗaya ne, duk 'yan shekarar 2012, rami ɗaya suke shiga, shi ya sa aka cire wannan aka sa wancan ba tare da an taɓa komai ba. Bambancinsu uku ne. Sabuwar ta ɗan fi gudu, 3.4 zuwa 3.9 GHz, tsohuwar 3.2 zuwa 3.6. Babbar ma'ajiyarta ta ciki mega 8 ce, ta tsohuwar mega 6. Na uku shi ne wannan abu da Intel ke kira Hyper-Threading, sauran duniya kuma ke kira SMT: kowace ƙwaya tana karɓar zaren aiki biyu a lokaci guda, zare kuwa a nan shi ne jerin umarni guda da manhaja ke miƙa wa furosesa. Huɗu sau biyu, takwas. Lambar 4 da ka gani ƙwayoyin ne na zahiri, lambar 8 kuma yawan ƙofofin da Windows ke iya miƙa aiki ta cikinsu.

Mahaifina tela ne, a shagonsa na tashi kafin in faɗa harkar lantarki, don haka da shagon ɗinki zan yi maka bayani. Ka ɗauki ƙwaya ɗaya a matsayin shago ɗaya. A ciki akwai teburin yanka, keken ɗinki, injin surfani, ga dutsen guga, kowanne da yaron da ke kansa. Yanzu a ce dokar shagon ita ce kayan mutum ɗaya kawai ake taɓawa har sai an gama. Alhaji ya kawo shadda a yi masa babbar riga da 'yar ciki da wando. Mai gida mai wayo ne, ba ya bin layi kai-tsaye, yakan sa a yanka wando yayin da ake ɗinka 'yar ciki. Duk da haka akwai abin da dabara ba ta yi: ba a surfani kafin a yanka wuya, ba a guga kafin a ɗinka. Saboda haka a kowane lokaci za ka tarar da yara biyu ko uku sun naɗe hannu. Mafi muni shi ne a kai tsakiyar aiki a ga zaren da ya dace da shaddar babu shi a shago, sai an tura yaro Kantin Kwari. Kafin ya je ya dawo shago gaba ɗaya hira ake yi.

Haka ƙwayar furosesa take. Irin taka tana da hanyoyi shida da take tura ƙananan umarni a cikinsu, uku na lissafi, sauran na ɗauko bayani da ajiye shi, kuma tana iya shigar da umarni har huɗu a bugu ɗaya na agogonta. Amma yawancin manhajoji ba sa iya ciyar da ita haka, don wannan lissafin yana jiran sakamakon wancan. Zuwa Kantin Kwari kuwa shi ne zuwa RAM. Idan abin da ake nema yana ƙaramar ma'ajiyar da ke jikin ƙwayar, mai kilo 32, bugu huɗu ko biyar ya isa. Idan babu shi a duk ma'ajiyoyin ciki sai an fita RAM, ana maganar bugu ɗari biyu zuwa sama. A wurinka ƙiftawar ido ma ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba, a wurin ƙwayar kuwa zaman jiran gawon shanu ne. Akwai kuma wata asarar: furosesa takan yi hasashen inda manhaja za ta nufa ta fara aiki tun kafin a tabbatar, in hasashen ya kuskure sai ta warware ɗinkin ta sake.

To sai mai gida ya ce, daga yau kayan mutum biyu za mu riƙa karɓa tare. Bai sayi sabon keke ba, bai ɗauki sabon yaro ba. Abin da ya ƙara kawai littafin awo na biyu da ƙugiyar rataye kaya ta biyu, don kada a haɗa hannun rigar Alhaji da siket ɗin Hajiya. Yanzu a daidai lokacin da keke ke kan rigar Alhaji, dutsen guga na kan kayan Hajiya. Yaro ya tafi nemo zaren Alhaji, shago bai tsaya ba. Wannan shi ne SMT. Ka lura da kalmar "a daidai lokacin", don nan ne ya bambanta da abin da Windows ta saba yi tun da can, na ba wannan manhaja ɗan lokaci a cire ta a ɗora waccan. Wancan karɓa-karɓa ne. A nan kuwa cikin bugu ɗaya tak umarnin zare na farko da na zare na biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa a hanyoyi daban-daban.

A cikin ƙwayar, abin da aka ninka shi ne rajistocin da ke riƙe da inda kowane zare ya kwana, wato littafin awon. Wasu abubuwan raba su ake yi biyu, misali jerin da ke riƙe umarnin da ke kan hanya, wanda a irin taka yake ɗaukar 168, kowane zare ya samu rabi idan duka biyun suna aiki, in ɗaya ya kwanta a mayar wa ɗayan duka. Sauran kuwa, injinan lissafin da ma'ajiyoyin, na tarayya ne, wanda ya riga ya samu. Shi ya sa abin yake da araha a wurin masu ƙerawa. Lokacin da Intel ta fito da shi a 2002, ta ce bai ƙara wa girman ƙwayar abin da ya kai kashi 5 cikin ɗari ba, ribar da ta yi alkawari kuma ita ce har zuwa kashi 30. Ka ji fa, kashi 30, kuma "har zuwa". Ko masu abin ba su ce ninki ba. Mai kayanka ne ya ƙara gishiri, kuma ina kyautata zaton shi ma akwatunan ya ƙirga.

Yanzu ka ga inda ribar ke tsayawa. Idan Alhaji da Hajiya duk surfani suka kawo, injin ɗaya ne, taura biyu ba ta taunuwa, sai dai a bi layi. Idan kuma kayan kowannensu ya cika tebur, to za a riƙa kwashe na wannan a shimfiɗa na wancan, har a wayi gari lokacin da ake ɓatawa wurin kwashe-kwashe ya fi wanda aka ceto. Wannan yana faruwa da gaske, akwai ayyukan da kunna SMT ke ɗan rage musu gudu saboda zaren biyu suna korar bayanan juna daga ma'ajiya. Matse bidiyo ba ya cikinsu, yana cikin waɗanda suka fi cin moriyarsa, tare da irin su Blender da 7-Zip da harhaɗa manyan manhajoji.

Abin ma ba sabo ba ne. Masu bincike a Jami'ar Washington da ke Amurka, Dean Tullsen da Susan Eggers da Henry Levy, su suka yi fice da bayaninsa a 1995. An shirya sa shi a wata furosesa mai suna Alpha 21464, zare huɗu a ƙwaya, aka soke ta a 2001 ba ta fito ba. Intel ta fara sa shi a Xeon, sannan a Pentium 4 mai gudun 3.06 GHz a ƙarshen 2002. Na tuna zamanin da waɗannan suka fara shigo mana na hannu da tambarin HT a goshi, zafi kamar murhu. Core 2 Duo da muka sha gyarawa ba shi da shi sam, sai a 2008 ya dawo tare da Core i7 na farko.

Minti 48 zuwa 36, a lissafina, ka samu abin da ya kamata ka samu. Wani ɓangare daga ƙarin gudun agogo, mafi yawa daga zaren nan na biyu.

Sadi_Edita ya rubuta:

Malam Habu, Allah ya saka da alheri, ya ji ƙan mahaifa. Wallahi misalin shagon nan ya zauna min. Amma saura biyu. Me ya sa CorelDRAW bai motsa ba? Sannan jiya ina cikin yanka bidiyo hoton yana sarƙewa, na duba na ga furosesa tana kashi 50 da ɗoriya kacal. Idan rabinta na zaune, me ya hana ta tashi ta taimaka?

Malam_Habu_Gyara ya rubuta:

Amin, na gode. Na farkon mai sauƙi ne. Ƙofa ta biyu ba ta da amfani sai in akwai wanda zai shigo ta cikinta. Manhaja ce ke yanka aikinta zare-zare, furosesa ba ta iya yi mata. Matse bidiyo yana yankuwa, a ba wannan zare wannan yanki na hoto a ba wancan wancan. Amma abubuwa da yawa da kake yi da linzami a manhajar zane, ja wannan, juya wancan, buɗe fayil, a jere suke tafiya kan zare ɗaya. A nan ko ƙwaya ashirin gare ka, ɗaya ce ke gumi. Masu AutoCAD ma kukan da suke yi ke nan. Abin da ke taimakon irin wannan aiki shi ne ƙarfin ƙwaya guda, kuma tsakanin 3.6 da 3.9 ba tazarar da ido zai gani ba ce.

Na biyun ya fi daɗin bayani, don yana rikita har masu gyara. Windows ta san waɗanne ƙofofi biyu ne ke shiga shago ɗaya, saboda haka idan zare huɗu ne ke da aiki takan watsa su ɗaya-ɗaya a ƙwayoyi huɗun, ba ta cusa biyu wuri guda ta bar wani shagon a rufe. To ka ga ƙofa huɗu cikin takwas ke aiki, sai allo ya rubuta maka kashi 50. Amma shagunan huɗu duk a buɗe suke ana aiki. Abin da ya rage ba rabi ba ne, 'yan guraben nan ne da yara ke naɗe hannu. Idan zare na biyu kashi ashirin da wani abu yake ƙarawa, to a lokacin da ka ga 50 ɗin nan ka riga ka cinye wajen kashi 80 na ƙarfin injinka. Kashi hamsin na farko ingarma ne, na biyun ɗan akuya.

Ka danna dama a kan jadawalin ka sa ya nuna maka akwatunan ɗaya-ɗaya. Idan ka ga guda ya manne a sama sauran suna wasa, to zare ɗaya ne ya riƙe kowa, kuma shi ne sarƙewar da kake gani.

Maman_Hanan ta rubuta:

Malam Habu ya gama magana, sai dai in ƙara ta ɓangarenmu, tunda aikina kula da sabobi ne a wata ma'aikata. Shawarar kashewa da Auwalu ya kawo tana da asali, ba daga iska ta faɗo ba, wurinta ne kawai ba nan ba.

Ku koma shagon Malam. Alhaji da Hajiya tebur ɗaya ake shimfiɗa kayansu. Idan Hajiya mai sa ido ce, ba sai ta buɗe littafin awon Alhaji ba. Ta lura da yaushe keke ya kasance a kame, yaushe aka kwashe kayanta daga tebur, minti nawa aka yi, a hankali sai ta gane irin ɗinkin da ake masa. Haka muguwar manhaja ke iya yi wa maƙwabciyarta a ƙwaya ɗaya, ta auna jinkiri ta tsinci sirri, har makullin ɓoye bayanai. Colin Percival ya nuna haka tun 2005. Daga baya irin waɗannan hare-haren suka zo a jere: Foreshadow da PortSmash a 2018, sai ZombieLoad da 'yan uwansa a watan Mayun 2019. Masu OpenBSD, wani tsarin tafiyar da kwamfuta irin su Windows, tun tsakiyar 2018 suka mayar da SMT a kashe sai wanda ya so ya kunna, Google ma ta kashe shi a Chrome OS a 2019 lokacin da waɗancan suka bayyana.

Amma wa abin ya fi shafa? Wanda ke ba baƙi haya a inji ɗaya, kamfanin wannan da na wancan suna zaune ƙwaya guda ba su san juna ba. Kai Malam Sadi, kai kaɗai ne a injinka. Wanda ya isa ya sa muguwar manhaja ta zauna a kwamfutarka ba ya buƙatar wannan doguwar hanya, ya riga ya shigo ɗaki. Ni da zan ba ka shawarar tsaro, filashin da mutane ke kawo maka hotunan amarya a ciki da manhajojin da ake saukewa daga inda ba a sani ba su ne abin tsoronka. Ka kuma sani Microsoft ta daina ba Windows 10 gyaran tsaro na kowa da kowa tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na takwas na Intel take farawa, taka zubi na uku ce. Wannan ya fi Hyper-Threading zama abin tunani.

Maganar gardama kuwa, me ya kawo ta alhali injin yana gabanka? Ka sake kunna ta ka danna F2 ka shiga BIOS, ka nemo Hyper-Threading ka kashe, ka fitar da wancan bikin ka rubuta minti. Ka mayar ka kunna ka sake. Fayil ɗaya, saiti ɗaya, kada ka taɓa komai yayin da take aiki. Abu ɗaya za ka kiyaye: ka tabbatar furosesa ce ke matse bidiyon. Idan ka zaɓi Quick Sync, wani sashe ne daban a cikinta ke yin mafi yawan aikin, ba za ka ga bambanci sosai ba. Masu Linux kuma umarnin lscpu zai nuna muku zare nawa ke kan kowace ƙwaya.

Khalifa_285 ya rubuta:

Gaisuwa ga manya, Baba Habu da Anti. Ni ɗan wasannin kwamfuta ne, kuma a wurinmu wannan gardama ba ta ƙarewa. Abin da na gani da idona: a inji mai ƙwaya huɗu, zaren nan na ƙari yana rage sarƙewa a sababbin wasanni, musamman in kana wasa kana ɗaukar allo lokaci guda. A mai ƙwaya takwas zuwa sama kuwa, kunnawa da kashewa kusan duk ɗaya, wani wasan ya ƙaru kaɗan wani ya ragu kaɗan.

Abin da nake so in jefo shi ne, su kansu masu ƙerawa ba su tsaya a magana ɗaya ba. i7-8700K na 2017 ƙwaya 6 zare 12 ne, sai i7-9700K da ya gaje shi ya zo da ƙwaya 8 zare 8, babu Hyper-Threading. A 2020 aka dawo da shi har kan i3-10100, ƙwaya 4 zare 8, wato lissafin i7 ɗin Oga Sadi ya sauko kan i3. A 2021 aka kawo manya da ƙananan ƙwayoyi a haɗe, i9-12900K yana da manya 8 masu zare bibbiyu da ƙanana 8 masu zare ɗaiɗai, ƙwaya 16 zare 24, wanda duk mai ƙirga akwati sai ya ruɗe. Sai ga Core Ultra 9 285K a Oktoban 2024, ƙwaya 24 zare 24, an cire shi gaba ɗaya. A yaren Baba Habu, sun ga gara su buɗe ƙananan shaguna da yawa da su riƙa cusa mutum biyu a babban shago. Apple ma ba ta sa shi a jerin M ɗinta. AMD kuwa tun Ryzen na farko a 2017 ta riƙe shi, Ryzen 9 9950X ƙwaya 16 zare 32 ne. IBM ta wuce su duka, POWER8 zare takwas yake ɗauka a ƙwaya ɗaya, amma wannan na manyan sabobi ne inda aikin kusan duk jiran bayanai ne.

Kuma Oga Sadi, ba kai ne farkon wanda ƙirgar ƙwaya ta ɓata wa rai ba. FX-8150 na AMD da ya fito a 2011 an tallata shi a ƙwaya takwas, alhali bibbiyu suke tarayya a wasu sassan, har da na lissafin lambobi masu ɗigo. Masu saye suka kai ƙara a Amurka, a 2019 aka sasanta kan dala miliyan 12 da ɗoriya.

Auwalu_Waya ya rubuta:

To na ji, na karɓi gyara. Amma maganar zafi fa? Wannan kam na taɓa da hannuna.

Malam_Habu_Gyara ya rubuta:

Wannan gaskiyarka ce Auwalu. Shagon da yara ba sa zama dole ya fi cin wuta a kowane minti. Sai dai yana tashi da wuri, don haka in ka haɗa lissafin aikin gaba ɗaya ba lallai ka yi asara ba, balle mai biyan kuɗin mai da awa. Duk biyun watt 77 aka rubuta musu, fankar da ta ɗauki i5 za ta ɗauki i7. Matsalar da nake gani kullum ita ce ƙurar hunturu ta toshe haƙarƙarin ƙarfen sanyaya, ko a canza furosesa a mayar da fanka kan busasshen man sanyaya, wanda ake sawa tsakanin furosesa da ƙarfen, da ya shekara goma. Idan zafi ya kai iyaka furosesa da kanta take rage gudu don ta tsira, sai a ɗora wa Hyper-Threading laifi. Sadi, mutuminka ya goge tsohon man ya sa sabo kuwa?

Sadi_Edita ya rubuta:

Na dawo da sakamako. Na bi yadda Maman Hanan ta ce, jiya da daddare da aka kawo wuta. A kashe: minti 44. A kunne: minti 36, kamar wancan karon. Ke nan canjin furosesar kaɗai minti huɗu ya rage min, zaren na biyu ya rage takwas. Na kuma lura da wani abu da ban tambaya ba: da yana kashe, ina fitar da bidiyo ko WhatsApp na kwamfuta na buɗe sai linzami ya riƙa tsalle, da yana kunne kuwa har kati na gyara a gefe, ko da yake na san na ƙara wa bidiyon lokaci. Na bar shi a kunne.

Malam Habu, maganar mai kuwa ka taɓo inda yake ciwo. A gabana ya ɗora fankar, ban ga ya goge komai ba, ban ga ya matsa komai ba. Na buɗe murfin yanzu, ƙurar da ke cikin ƙarfen nan ta isa a shuka gyaɗa. Gobe in Allah ya kai mu zan koma wurinsa, ba da rigima ba, ya sa min man, in kuma nuna masa layin nan biyu na 4 da 8. Wane irin mai zan ce ya sa, farin nan na cikin ƙaramin kwalba ko mai ruwan toka na sirinji?

Malam_Habu_Gyara ya rubuta:

Mai ruwan tokan. Ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake a tsakiya, kada ya shafe shi kamar man shanu a burodi. Ka sa a hure ƙurar a waje, a riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta. In an gama ka sake fitar da bikin nan ka faɗa mana minti nawa.